WADDA BA TA DA ƘOFAR KULLEWA FA?



Duk lokacin da labarin fyaɗe ya iso mana, a gidan biki ne ko a Islamiyya, abin da ke fara fitowa bakinmu shi ne, "Ai sai yara su riƙa kama kansu." Mu ce su sa hijabi, su bar fitar dare, su kulle ƙofa. Nasiha ce mai kyau, ni ma ina yi wa 'ya'yana. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: wadda ba ta da ƙofar kullewa fa?

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa cikin 'yan mata huɗu a Nijeriya, ɗaya an ci zarafinta ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18, cikin yara maza goma kuma ɗaya. Sai dai wannan masifa ba raba daidai take yi ba. Mugu kafin ya kai hannu lissafi yake yi: wa zai tsaya mata? In ta faɗa, wa zai yarda?

Mu dubi 'yar talla. Sana'arta ce ta tilasta mata amsa kiran kowa. In an ce ta shigo shago ko kango ta karɓi kuɗinta, sai ta shiga, don ta san abin da ke jiranta a gida in ta koma da kwantai.

Mu dubi 'yar aikin da aka kawo mana daga ƙauye. Tana kwana a falo ko a kicin, iyayenta na nesa, kuɗin aikinta ma a hannun wadda ta kawo ta yake. In wanda ya taɓa ta ɗan gida ne, wa za ta kai wa ƙara? Uwar wanda ya yi?

Ga kurma, wadda in ta je ofishin 'yan sanda da wuya a sami mai fahimtar maganar hannunta. Ga mai taɓin hankali da muke gani a bakin kasuwa da ciki, mu yi salati mu wuce, ba mu taɓa tambayar wane mai hankali ne ya yi ba. Ga almajiri ƙarami mai kwana a zaure, shi da yake namiji ne ko tunaninsa ba ma yi.

Sai 'yan gudun hijira. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara da abinci da alkawarin aure. Cikin waɗanda aka zarga har da shugabannin sansani, 'yan banga, 'yan sanda da sojoji. Sun tsere wa Boko Haram, sun faɗa hannun masu tsaronsu.

Duk waɗannan, abu ɗaya ya haɗa su: rashin gata. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gaskiya ne. Amma mun saba ɗora laifin tsagewar a kan yarinya, alhali bangon nata mu ne, iyaye da maƙwabta da uwayen ɗaki.

Addininmu bai ɗora wa wadda aka fi ƙarfi laifi ba. A Suratun Nur, aya ta 33, Allah Ya hana tilasta wa kuyangi yin lalata don neman abin duniya, kuma Ya ambaci gafararSa ga waɗanda aka tilasta. Ku lura, kuyangi su ne mafi rauni a wancan zamani. Malamai kuma sun kawo labarin matar da ƙishirwa ta galabaitar, makiyayi ya hana ta ruwa sai ta ba shi kanta. Da aka kai ta gaban Sayyidina Umar, Sayyidina Ali ya nuna cewa a matse take, aka sallame ta ba haddi. To me ya bambanta ta da wadda aka riƙe wa katin abinci a sansani?

Wata za ta ce, "Malama, talauci ne, ba da son ranmu muke ɗora talla ba." Na yarda, kuma ban zo tsangwamar uwar da ke neman na cefane ba. Maganata ta fi ƙarfi a kanmu da Allah Ya rufa wa asiri. Mace ce za ta hana 'yarta leƙa ƙofar gida bayan magariba, amma ta aiki 'yar aiki sayen maganin sauro ƙarfe tara na dare. Ita 'yar aikin ba uwa ce ta haife ta ba?

Dokoki akwai su. An sa hannu a dokar hana cin zarafi ta tarayya a 2015, Jihar Kaduna kuma a 2020 ta tanadi dandaƙa ga mai yi wa ƙananan yara fyaɗe. Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, mu kuwa "a rufa asiri" muka fi sani. Asirin wa ake rufawa? Ita yarinyar unguwa duk ta riga ta ji. Wanda ya yi ne ke tsira, gobe ya nemi wata.

Saboda haka mu fara daga gida. 'Yar aiki ta kwana inda 'ya'yanmu mata ke kwana. Inda ba za mu aiki namu ba, kar mu aike ta. In talla ta zama dole, a yi da rana, yara su tafi a rukuni, kar su shiga ɗakin kowa. Yarinya in ta zo da kuka, mu saurare ta, mu kai ta asibiti da gaggawa, kar mu fara da tambayar me ya kai ta.

Ɗa na kowa ne. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar na wasu. Wassalam.