Ƙofar da aka manta a buɗe

Ƴan'uwa ɗalibai, zan fara da laifina kafin in taɓo na kowa.

Bara, wata ranar Laraba, na shiga wani sibar kusa da makarantarmu don in buga ekspoze. Na biya dala arba'in, aka nuna mini kwamfuta ta uku. Na buɗe Chrome, na ce bari in leƙa Facebook kafin in fara aiki. Ban rubuta suna ba, ban rubuta kalmar sirri ba, sai ga ni cikin shafin wata ƴar ajinmu. Tashinta ke nan, kujerar ma ba ta huce ba. Na ga sunanta a sama, na san sarai ba nawa ba ne. Da na dekonekte ta nan take, da ba ku karanta wannan takarda ba. Amma sai na shiga saƙonni. Minti biyar na yi, na karanta hirarta da yayanta: an jinginar da gonarsu don a biya mata karatu, ita kuma tana tunanin ta bar makaranta ta koma gida. Daga nan na fitar da ita, na buga ekspoze ɗina, na tafi ina ce wa kaina ban ɗauki komai ba.

Bayan sati biyu aka zo tara kuɗin fotokopi a aji. Da aka iso kanta, sai na yi karaf na ce a bar ta, ni zan biya mata. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce maka ba ni da su?" Mutum ɗaya tak ta gaya wa halin da take ciki a makarantar, aminiyarta. A kanta zargi ya faɗa, suka daina magana. Wata guda na yi ina kallonsu sun raba benci, na san gaskiya, na kasa buɗe baki.

Na kai maganar fada, ban faɗi suna ba. Kafin shayi na biyu ya nuna an kasu uku.

Na farko ya ce, "Kai, mi ne laifinka? Ita ta bar abinta buɗe. Wanda bai iya rufe ƙofa ba, kada ya yi kukan ɓarawo." Wannan magana tana da farin jini a cikinmu, kuma akwai ɗan abin kamawa a cikinta, don rigakafi ya fi magani. Amma mu duba abin da ya faru. Yarinyar nan ta rufe tagar burauza, a saninta ta gama. Abin da ba ta sani ba shi ne, idan ka shiga Facebook ko akwatin imel, shafin yana ajiye wata ƴar shaida a cikin burauza, ita ake kira kuki, wadda ke cewa wannan mutum ya riga ya nuna kansa, a bar shi ya wuce. Rufe taga ba ya share ta, sai ka danna fita da hannunka. Ashe ba ƙofa ta bari buɗe da gangan ba, ta ja ƙyaure ne ba ta san bai kama ba. Ko da ma sakaci ne, yaushe sakacin wani ya zama izini? A garuruwanmu gidaje nawa ne ke wuni da zaure a buɗe? Duk da haka ba mai kutsawa tsakar gida sai ya tsaya ya yi sallama an amsa masa. Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirin mutane. Babu inda aka ce hukuncin ya faɗi idan mai gida ya manta da sakata.

Na biyu ya ce, "To, ka shiga, amma mi ka sata? Ba ka canza mata kalmar sirri ba, ba ka aika wa kowa saƙo ba. Gani kawai ka yi." Da wannan na daɗe ina lallashin kaina. Sai daga baya na gane abin da na ɗauka. Kowane mutum yana da ikon zaɓen wanda zai san damuwarsa, da lokacin da zai sani, da bakin da zai faɗa masa. Ita ta zaɓi yayanta da aminiyarta, ni na cusa kaina na zama na uku. Wanda ya saci salula yana iya mayarwa, amma abin da ido ya karanta ba ya komawa cikin allo. Kuma sani ba ya zama shiru a cikin mutum. Ko bakinka bai furta ba, kallonka zai canza, hannunka zai yi wani abu, kamar yadda nawa ya shiga aljihu ranar fotokopi.

Na uku ya ce ai niyyata alheri ce, taimako na so yi. Gaskiya ne, amma niyyar taimakon ta zo ne bayan na karanta. Lokacin da na danna saƙonni babu wata niyya a raina sai son jin ƙwaƙwaf. Mu samari mun iya wannan dabara, mu yi abu don son rai, in ya haifi wani ɗan alheri mu ɗauko shi mu rufe farkon labarin da shi.

Wani abokinmu mai ɗaukar hoton biki ya ƙara muna wani misali da ya fi nawa nauyi. Ana ara masa kyamara, wani lokaci a kawo masa katin memwar a ce ya wanke hotuna. Masu katin sukan goge abin da ba su so a gani kafin su miƙo. Amma gogewa a kyamara ba ta cire hoton daga katin. Sunansa kawai take cirewa daga jerin, ta ce wurin ya zama fili. Hoton yana nan kwance har sai an ɗora wani a kansa, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin PhotoRec, da ke tono shi cikin ɗan lokaci. Ko an yi wa katin format na gaggawa, sau da yawa haka abin yake. Bayan wannan, kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: ranar ɗauka, da sa'a, da irin na'urar, a salula har da wurin da aka tsaya idan GPS yana kunne. To, ku gaya mini, amaryar da ta goge hotonta ta miƙa kati, wane sakaci ta yi? Ta rufe ƙofa iyakar saninta. Idan muka ce duk wanda aka iya shiga masa shi ke da laifi, to mun ce ke nan mai ilmin na'ura yana da haƙƙi a kan marar shi. Kuma kowane ɗayanmu marar ilmi ne a gaban wani: mai gyaran salula, mai sibar, abokin da ka ba kle ɗinka ya kwafi darasi. Babu saitin da zai tsare ka daga duk waɗannan. Abin da ke tsare ka shi ne su ga hanya su ƙi bi, wato amana, wadda ba a ba ka ta da baki ba, tsautsayi ne ya ajiye ta a hannunka.

Ban ce kowane kallo haramun ne ba. Idan ka tsinci kati a amfi, dole ka buɗe hoto ɗaya ko biyu don ka gane mai shi. Idan ƙanenka ɗan shekara 12 yana hira da wani babba da ba a sani ba, dubawa nauyi ne a kanka. Ma'aunin da na samu wa kaina shi ne: shin zan iya tsayawa gaban mai abin in faɗa masa daidai abin da na duba da dalilin dubawar, ba tare da na sunkuyar da kai ba? Mai neman mai kati zai iya. Ni na yi wata guda ban iya ba.

Ƙasarmu tana da doka a kan haka, ta ranar 3 ga Yuli 2019 mai hukunta laifuffukan intanet, kuma shiga na'urar wani ta hanyar zamba yana cikin abin da ta hana. Amma ba ɗan sandan da ke tsaye bayanka a sibar. Minti biyar ɗin nan tsakaninka ne da kanka.

Namu ɓangaren kuma kada mu yi wasa da shi. A kwamfutar da ba taka ba, buɗe tagar sirri, Ctrl+Shift+N a Chrome, Ctrl+Shift+P a Firefox. Tana share kuki da tarihin shafuka idan ka rufe ta, sai dai ba ta goge abin da ka sauke, ba ta kuma ɓoye ka daga mai rezo. Idan burauza ta tambaye ka ta ajiye kalmar sirri, ka ce a'a. Idan ka yi amfani da WhatsApp a kwamfuta, duba jerin na'urorin da aka haɗa a salularka ka cire ta. Kyamara kuwa, ara ta ba tare da katinka ba.

Daga ƙarshe na same ta bayan darasi na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, "Malam, ka tarar da ƙofa a buɗe, na ji. Ka yi sallama?" Ta je ta nemi gafarar aminiyarta, sun koma benci ɗaya. Ni tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan, kuma ban ga laifinta ba.