Nauyin Da Ke Kan Mai Yaɗa Labari

A aya ta 6 ta Suratul Hujurat, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi. A da, wannan nauyi yana wuyan edita. Tun kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, labari ba ya fita sai ya bi ta hannunsa. Yau kuwa duk mai waya ya zama edita, ba kuwa mai tuhumarsa.

A watan Agustan 2014, saƙo ya bazu ta wayoyi da Facebook a Nijeriya, wai ruwan gishiri yana hana kamuwa da Ebola. Jama'a suka tashi cikin dare suka kwankwaɗa. Aka kwantar da wasu a asibiti, wasu kuma rai ya yi halinsa, alhali galibin masu tura saƙon alheri suka nufa.