Gani Ya Kori Ji? Tsokaci a Kan Na'urar VAR da Neman Adalci a Filin Ƙwallo

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, wato da zarar ido ya shaida abu, to gardama ta ƙare. A bisa irin wannan fahimta ne masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa suka shigo da na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, wadda aka fi sani da VAR. Hukumar IFAB, mai alhakin dokokin wasan, ta amince da ita a watan Maris na shekarar 2018, aka kuma yi aiki da ita a gasar cin kofin duniya ta Rasha a wannan shekarar. Sai dai duk wanda ya saba leƙa gidajen kallon ƙwallo ya san cewa musu bai ragu ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba dalilin da ya sa mutum biyu za su kalli hoto ɗaya har sau goma, amma su tashi kowa yana rantsuwa a kan abin da ya gani, da kuma abin da hakan ke nunawa game da yadda muke neman adalci.

Dalilin Zuwan Na'ura

Ba banza aka nemi na'urar ba. A shekarar 1986 a birnin Meziko, Diego Maradona na Ajantina ya zura wa Ingila ƙwallo da hannu. Miliyoyin masu kallon talabijin sun gani da aka maimaita hoton, amma alƙalin wasa, Ali Bin Nasser na Tunisiya, bai gani ba, ƙwallo kuwa ta ci. A shekarar 2009 Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu kafin ya miƙa ta a ci, Faransa ta tafi gasar cin kofin duniya, Ailan ta zauna a gida. A shekarar 2010 ƙwallon da Frank Lampard ya buga wa Jamus ta haye layin raga sarai, aka ce ba ta shiga ba. A duk waɗannan lokuta, mutumin da aka ɗora wa yanke hukunci shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin gani. Wannan zalunci ne ga wanda aka cuta, kuma zalunci ne ga shi kansa alƙalin. Don haka aka ba shi ƙarin ido, aka kuma iyakance aikin idon ga abubuwa huɗu: cin ƙwallo, bugun daga kai sai mai tsaron gida, jan kati kai tsaye, da kuma hukunta wani ɗan wasa a madadin mai laifi. Sharaɗin kuwa shi ne kuskuren ya zama bayyananne, ko kuma wani babban abu ya wuce alƙali bai gani ba.

Hannu Biyu, Hukunci Biyu

Bari mu ɗauki misali daga wasannin ƙungiyar ƙasarmu. A ranar 26 ga watan Yuni, 2018, Nijeriya ta kara da Ajantina a birnin Saint Petersburg. Ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, wanda ya ishi Nijeriya ta tsallake zuwa zagaye na gaba, sai Marcos Rojo ya sa wa ƙwallo kai a cikin da'irar gidansu, ta sauko ta bugi hannunsa. Alƙalin wasa, Cuneyt Cakir na Turkiyya, ya je ya duba hoton da idonsa, ya dawo ya ce babu laifi. Bayan 'yan mintoci shi dai Rojon ya ci ƙwallon da ta kore mu daga gasar. Na kalli wasan nan tare da wasu ɗalibaina, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka ce an yi mana fashi da rana tsaka.

Shekara guda bayan haka, a watan Yuli na 2019, muka haɗu da Aljeriya a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a birnin Alƙahira. Ƙwallo ta bugi hannun Aissa Mandi, alƙali ya duba na'ura, ya ba Nijeriya bugun daga kai sai mai tsaron gida, Odion Ighalo ya ci. Ko da yake Riyad Mahrez ya raba gardama a daƙiƙoƙin ƙarshe, a wannan dare ban ji ko mutum ɗaya a cikinmu ya zagi na'ura ba. Ni kaina yaba mata na yi. Daga baya ne na tambayi kaina: shin na tsaya na auna hannun Mandi da ma'aunin da na auna hannun Rojo? Amsar ita ce ban auna ko ɗaya ba. Tun kafin a maimaita hoton na riga na yanke hukunci, idona ya bi bayan zuciyata ne kawai yana neman hujja.

Shaida Daban, Hukunci Daban

A nan ne ya kamata mu bambanta abubuwa biyu da akan cakuɗa. Akwai tambayar da ma'auni ke amsawa, kamar ko ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba. Irin wannan na'ura ta fi mutum iya ta, shi ya sa tun da aka fara aiki da na'urar layin raga a gasar duniya ta 2014, gardama irin ta Lampard ta yi wuyar samu. Akwai kuma tambayar da sai hankali ya auna, kamar ko hannun ɗan wasa yana inda ya dace da motsin jikinsa, ko turin da aka yi ya isa ya kayar da mutum, ko takun da aka yi na ganganci ne. Hoto yana nuna hannu da ƙwallo, amma ba ya nuna niyya. Hasali ma idan aka rage gudun hoto, abin da ya faru cikin ƙiftawar ido sai ya yi kama da abin da aka zauna aka shirya.

Ashe ke nan na'ura shaida ce, hukunci kuwa yana nan a wuyan ɗan Adam. Dokar wasa ta biyar ma ta tabbatar da cewa maganar alƙalin da ke cikin fili ita ce ta ƙarshe. Malaman fiƙihunmu sun daɗe da sanin haɗarin da ke tattare da idon mai so, shi ya sa ba a karɓar shaidar uba a kan amfanin ɗansa, ko da kuwa uban mutumin kirki ne. Ba ƙarya ake zarginsa da ita ba, so ne ake tsoron ya hana shi ganin aibi. Mai goyon bayan ƙungiya kuwa uba ne da ya tsaya shaida ga ɗansa, sa'an nan ya haye kujerar alƙali.

Koken Magoya Baya

Duk da haka, rashin adalci ne a ce kukan 'yan kallo duk son zuciya ne. Akwai abin da na'ura ta ƙwace musu, wato murnar nan ta farat ɗaya idan ƙwallo ta taɓa raga. A watan Fabrairu na 2024, a birnin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa, Victor Osimhen ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo ta biyu, mutane suka rungumi juna suna ihu. Sai aka soke ta, aka koma can ɗaya gefen fili aka ba Afirka ta Kudu bugun daga kai sai mai tsaron gida saboda ƙetar da aka yi tun farkon harin. Hukuncin ya yi daidai da doka, kuma daga ƙarshe Nijeriya ta yi nasara a bugun raba gardama, amma wanda ya sha irin wannan sau ɗaya, gobe murnarsa da ɗari-ɗari zai yi ta.

Koke na biyu ya fi nauyi. An yi wa mutane alkawarin da ba zai cika ba. Kuskuren alƙalin da ke gudu cikin fili ana iya yi masa uzuri, amma wane uzuri za a yi wa wanda ke zaune a ɗaki da allunan kallo a gabansa? A watan Satumba na 2023 an soke halastacciyar ƙwallon da Luis Diaz na Liverpool ya ci Tottenham, saboda masu kula da na'ura da alƙalin fili ba su fahimci juna ba, har hukumar alƙalan Ingila ta fito ta amsa kuskure. Ga shi kuma sau da yawa wanda ya sayi tikiti ya shiga fili shi ne na ƙarshe da zai san abin da ake dubawa. Hukuncin da aka yanke a ɓoye, ko da daidai ne, zargi yake haifarwa. Amma abin lura shi ne, da ƙungiyar Wolves ta kawo ƙudurin soke na'urar a gasar Firimiya a watan Yuni na 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka zaɓi a ci gaba da ita. Wanda ya taɓa gani, ba ya yarda a sake rufe masa ido.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, adalci a filin wasa yana da ɓangarori biyu. Akwai haƙƙin da ke kan masu hukunci: su duba da kyau, su gaggauta, su bayyana dalilinsu a fili, su kuma amsa kuskure idan sun yi. Akwai kuma haƙƙin da ke kanmu mu 'yan kallo, wanda ba mu cika son a tuna mana da shi ba: mu yarda cewa hukunci zai iya zama daidai alhali bai yi mana daɗi ba. Wasa ba ya yiwuwa sai ɓangarori biyu sun amince tun kafin a busa usur cewa za su karɓi maganar na uku. Haka abin yake a kotu, da rumfar zaɓe, da ma takardar jarrabawa, inda ɗalibi kan ce shi ya ci idan ya ci, amma malam ne ya kayar da shi idan ya faɗi.

Saboda haka ina ba mai karatu shawarar da na fara ba kaina. Duk lokacin da alƙali ya zana alamar allo da hannuwansa ya nufi gefen fili, kafin ka buɗe baki, ka sauya wa 'yan wasan biyu riguna a zuciyarka, ka sake kallo. Idan hukuncinka bai canza ba, to kana da bakin yin magana. Idan kuwa ya canza, ka san cewa gyaran da ake bukata ba a ɗakin na'ura yake ba.