Tsarin Jumla da Tsarin Tunani

Kowane harshe yana da yadda yake jera kalmomi a jumla, kuma masana falsafa sun daɗe suna tambaya ko wannan jeri na hankali ne ko kuwa al'adar masu harshen ce kawai. A Bagadaza, wajen shekarar 932, an yi muƙabala a kan haka tsakanin Abu Sa'id al-Sirafi, malamin nahawu, da Matta bin Yunus, malamin manɗiƙi. Matta ya tsaya a kan cewa ƙa'idar tunani ɗaya ce ga dukkan 'yan Adam. Al-Sirafi ya ce manɗiƙin da ake taƙama da shi daga harshen Girkanci ya tsiro, don haka bai isa ya yi wa Larabci alƙalanci ba.

Ɗalibi a ƙasar Kazaure yana cin karo da wannan tambaya ko bai san sunanta ba. A zaure ana biya masa Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, inda fi'ili kan zo kafin fa'ili. A aji, ko a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, ana koya masa Turanci, inda mai aiki ke gaba, aikatau na biye, sannan abin da aikin ya faɗa wa. Hausa ta bi wannan jeri na biyu, amma kamanceceniyar ta tsaya a nan. Turanci yana nuna lokaci a jikin aikatau, Hausa kuwa tana ɗora shi a kan lamirin suna: "Audu ya tafi", "Audu yana tafiya".

Bambancin ya fi fitowa wajen ƙarfafawa. Bahaushe yana cewa "yara sun sayi doki", amma in dokin ake musu a kansa sai ya ce "doki ne yara suka saya". Kalma ta koma gaba, "sun" ya zama "suka", "sayi" ya zama "saya", alhali cinikin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne abin da mai magana ya ɗauka mai sauraro ya riga ya sani.

A kan wannan gaɓa Vilém Mathesius, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar masana harshe ta Firag a 1926, ya gina nazarinsa na kwatanta Turanci da harshen Cek. Ya nuna cewa Cek, saboda ƙarshen kalmominsa na bayyana aikinsu kamar li'irabin Larabci, yana iya fara jumla da sanannen abu ya ƙare da sabon labari. Turanci, da jerinsa ya ƙage, sai ya nemi wasu dabaru.

Kwatancin ya ba kowane ɓangare na muƙabalar Bagadaza rabonsa. Buƙatar raba sananne da sabo ta kowa ce, wannan na Matta ne. Hanyar biyan buƙatar kuwa ta kowane harshe daban ce, kuma malamin da ya auna jumlar Hausa da ma'aunin Turanci zai kira ƙa'ida kuskure.