Kama Da Wane Ba Ta Wane

Malaman usulu sun daɗe suna jayayya a kan wata mas'ala da suke kira dawarani, watau idan aka ga hukunci yana samuwa duk sa'ad da wata sifa ta samu, yana kuma gushewa in ta gushe, shin wannan kaɗai ya isa a ce sifar nan ita ce illar hukuncin, ko kuwa sai an nemo wani dalili? Jamhuru sun tafi a kan cewa yana ba da rinjayen zato, amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, bai karɓe shi a matsayin hujja mai tsayuwa da ƙafarta ba, domin a ganinsa ta yiwu sifar da ido ya kama abokiyar tafiya ce kurum ga illa ta haƙiƙa wadda ta ɓuya. Mai karatu zai zaci wannan muhawara ba ta wuce zauren karatu ba, alhali kuwa manyan likitocin ciki na Turai da Amurka sun faɗa cikinta tsundum a zamaninmu, sai da suka yi shekara 11 kafin su fita.

A unguwar Al-Ud ta tsohon garin Riyad, inda aka rufe Sarki Abdul'aziz a 1953 da Sarki Abdullahi a 2015 cikin kaburburan da ba a rubuta wa suna ba (can ne dai share bambanci ya zama hikima), ma'aikata baƙi sukan kewaye faranti guda na kabsa bayan Isha'i. Wanda ya lura zai iya ganin wani saurayi ɗan shekara talatin da 'yan kai yana tsattsage nama sala-sala, yana tauna har a gaji da kallonsa, yana bin kowace loma da kurɓin ruwa, kullum shi ne ƙarshen tashi. In an tambaye shi sai ya dafa ƙirji ya ce ai ƙwannafi ne, gari na wayewa ya nufi kantin magani ya sayi omeprazole kamar yadda kowa ke yi. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Wani lokaci kuwa cuta ce dabam ta aro rigar ƙwannafi.

Shi ƙwannafi mai naci asalinsa sakin ƙofar da ke tsakanin tumbi da mari'i, wato hanyar abincin nan da masu karatun babin yanka suka sani, sai ruwan tsami ya riƙa hawowa yana ƙona ƙarshenta, musamman bayan an ƙoshi ko an kwanta, ƙiba da shan taba suna daɗa masa ƙarfi. Ɗaya cutar kuwa, wadda Stephen Attwood da abokan aikinsa suka siffanta a 1993 daga majinyata 12, Alex Straumann na Suwizalan ya ƙarfafa a 1994, ba tsami ne tushenta ba. Garkuwar jiki ce take yi wa wani abinci bore, galibi madarar shanu, sa'an nan alkama ko ƙwai, har wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ya yi dandazo a bangon mari'i, inda a lafiyayyen mutum ba ya da mazauni ko kaɗan. Ta fi kama maza, wajen ninki uku, da masu asma ko ƙaiƙayin fata, kuma babbar alamarta ga baligi ita ce sarƙewar abinci mai tauri, har wata rana tsokar nama ta tsaya cak, yawu ma ya kasa wucewa. In aka zura na'urar hangen ciki akan iske mari'in ya yi zobe-zobe kamar maƙogwaron rago, da tsagi a tsaye da fararen ɗige-ɗige. Amma tun da yakan fito sumul ga wasu, ba a yanke hukunci sai an tsinko 'yan tsokoki aƙalla 6 daga sama da ƙasa, an ƙirga iyosinofil 15 ko fiye a fili guda na madubin likita.

To, a nan ne dawarani ya shigo. Da masana suka tsara ƙa'idojin farko a 2007, sai suka sa sharaɗi cewa a fara ba majinyaci maganin rage tsami mai ƙarfi na wasu makonni: in ya warke, ƙwannafi ne, in bai warke ba, ɗaya cutar ce. Hujjar a zahiri ba ta da kushe, gama an rage tsami, cuta ta gushe, ashe tsami ne illa. Sai kuma aka yi ta samun mutanen da gwaji ya nuna tsaminsu bai wuce kima ba, ga zobe, ga iyosinofil birjik, amma maganin ya warkar da su. A 2011 aka ƙaga musu suna na uku don kada ƙa'ida ta rushe, wanda a ganina irin ta'awilin nan ne da akan yi in an ƙi sakin ƙaulin da aka saba da shi. Bincike ya zo ya bayyana cewa omeprazole da danginsa, ban da rage tsami, suna kuma danne wani sinadari, iyotaksin-3, wanda shi ne mai kiran ƙwayoyin zuwa mari'i, har kusan rabin masu cutar suna samun sauƙi da su. A 2018 aka soke sharaɗin ɗungurungum, maganin ya tashi daga matsayin alƙali ya koma ɗaya daga cikin magunguna.

Ban ga abin zargi ga mutanen 2007 ba, domin aiki da rinjayen zato halal ne ga likita kamar yadda yake ga mufti, in ba haka ba da babu wanda za a yi wa magani. Abin tsoro shi ne zato ya daɗe a hannu har a manta cewa zato ne. Magabata sun san wannan sarai, shi ya sa likita Abubakar Arrazi ya keɓe risala guda don rarrabe agana da ƙyanda, Imamu Ƙarafi Bamalike, wanda ya rasu a 1285, ya cika littafinsa Alfuruƙ da ƙa'idojin da suka yi kama da juna alhali hukuncinsu ya saɓa. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Jabir ma ya rataya waraka, bayan izinin Allah, ga dacewar magani da cutar, dacewa kuwa ba ta tabbata sai an san cutar. Ga shi jinkiri yana da farashi, domin wani nazari da aka yi a Suwizalan a 2013 ya nuna ƙuntatar mari'i tana tashi daga kashi 17 cikin ɗari ga waɗanda aka gano da wuri zuwa kashi 71 ga waɗanda suka haura shekara 20 ba a gano ba, balle kuma sarƙewar abinci ga dattijo, wadda kan zama alamar ciwon daji. Wani ma yakan haɗa cututtukan biyu a jiki guda. Kuma da yake maganin da saurayin nan ya saba sha yana iya korar ƙwayoyin kafin a ƙirga su, likitocin Birtaniya a ƙa'idojinsu na 2022 sun ba da shawarar a dakatar da shi na mako 3 aƙalla, bisa kulawar likita, kafin a zura na'urar.