Alhakin Taya: Daga Duniyar Wata Zuwa Potiskum

A shekarar 1971 'yan sama-jannatin Apollo 15 na Amurka suka tuƙa mota a duniyar wata. Tayoyinta ba na roba ba ne masu cin iska. Da wayar ƙarfe aka saƙa su kamar raga, domin zafi da sanyin can sun fi ƙarfin roba. Ƙurar wata kuwa kaifi gare ta, saboda babu iska ko ruwan da zai goge mata baki kamar rairayinmu. Kafin a amince wa tayoyin nan da rayukan mutum biyu, sai da aka daɗe ana murza su a kan ƙasar da aka harhaɗa don ta yi kama da ta can.

To, amma kama da wane ba ta wane. Nauyin abu a wata kashi ɗaya ne bisa shida na nauyinsa a nan, don haka rairayin can bai danne kansa kamar namu ba. Taya na iya cin jarrabawa a duniya, ta je can ta nutse. Ko a duniyar Mas, motar Spirit ta kafe cikin rairayi a 2009, ba ta ƙara fita ba. Abin tambaya shi ne: tunda gwaji bai kawo tabbas ba, ina amfaninsa? A ganinmu, mai gwaji bai yi alkawarin tsira ba. Abin da ya yi shi ne sauke gwargwadon nauyin da ke wuyansa.

Mu dawo gida. Daga kasuwar shanu ta Potiskum tireloli ke tashi zuwa Kudu, shanu a ƙasa, bayin Allah zaune bisa katako a sama. Sau da yawa gwajin tayar bai wuce yaron mota ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ya saurari ƙararta ba. Ba mu raina wannan kunne ba, ilimi ne na shekaru. Sai dai kunne yana gane ƙarancin iska ne, ba ya gane tsufan tayar gwanjo wadda ta gama aikinta a Turai. Idan ta fashe kafin Bauchi, sai mu ce ƙaddara. Mai motar da ya san tayar ta suɗe, ya ce a lallaɓa ta yi sawu ɗaya, yana gida a lokacin. Ba shi ne bisa katakon ba.