Abincin da Ake Ci a Ƙofar Kotu

Ɗan'uwa mai karatu, in kana zaune a Nima ko Maamobi cikin birnin Accra, ka san yadda gida yakan rikice ranar da 'yan sanda suka kama yaro. Uwa ba ta barci. Ana neman mai tsaya masa, ana neman wanda ya san hanya. Inda akwai irin wannan bukata kuwa, akwai aiki, ga shi samarin zango da yawa ba su da abin yi. To, ya dace mutum ya ci abinci daga wahalar wanda aka tsare?

Mu fara da doka. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48, ko kuwa a sake shi. A 2016, cikin ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar da ya hana beli a laifuffuka irin su kisankai da fashi, ta bar wa alƙali ya duba. A 2019 ta ƙara da cewa awa 48 ɗin nan har da Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Belin 'yan sanda kuma ba na sayarwa ba ne.

Duk da haka mutane suna daɗewa a tsare, domin ba su san hakkinsu ba, ko ba su da kowa. Shi ya sa a 2007 aka fara shirin Justice for All, wato adalci ga kowa, alƙalai suka riƙa shiga kurkuku irin na Nsawam suna sauraron masu jiran shari'a.

A nan akwai aiki mai tsabta: lauya da mataimakinsa, akawun kotu, ɗan sanda, gandiroba, ma'aikacin hukumar taimakon shari'a. Ga kuma tafinta, gama tsohon da Hausa kaɗai yake ji yana iya hallaka saboda kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba. Waɗannan duka guminsu ake biya, ba abin kunya a ciki.

Amma akwai wani aiki dabam. Akwai masu zama a harabar kotu, a ba su kuɗi su tsaya wa mutumin da ba su taɓa gani ba. Za ka ce, "Ai a Amurka ma sana'a ce, har da lasisi. In ba su ba, yaron zai kwana a ciki." Gaskiya ne, yaron yakan fita. Amma ka yi tunani, mene ne tsaya wa mutum? Kana ce wa alƙali, "Na san shi, zan kawo shi." In ba ka san shi ba, shaidar zur ka sayar. Ranar da ya gudu, kotu za ta bi ka kuɗin. Mafi muni, alƙali zai tsananta sharuɗa, talakan da ya zo daga baya shi zai sha wuya.

Ka tuna da Yahuza cikin Littafin Farawa. Ya ɗauki lamunin ƙanensa Biliyaminu a gaban mahaifinsu. Da magana ta ɓaci a Masar, bai gudu ba, ya miƙa kansa ya zama bawa a madadin yaron. Bai karɓi ko kwabo ba. Littafin Karin Magana kuma ya ja kunne a kan ɗaukar lamunin baƙo. Lamuni ba haja ba ce, amana ce.

Saboda haka, kafin ka karɓi aiki a wannan fage, tambayi kanka: aikina ake biya, ko tsoron uwar nan nake sayar mata? In ka san yaron unguwarku da gidansu, ka tsaya masa kyauta. In albashi kake nema, ka koyi aikin, ka shiga ta ƙofa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu abincin yau ta hanyar gaskiya, ka tuna da waɗanda suke tsare ba mai tsaya musu. Amin.